Rakodar Tsayayya

Ba don yabo aka sa mata suna Tsayayya ba. Mahaifiyarta ce ta fara kiranta haka, ranar da wani ƙaton yaro ya ture mata bokiti a layin famfo. Ya mare ta, ta rama. Ya ƙara, ta ƙara ramawa. Sai da aka zo aka ɗauke ta cak, ƙafafunta na wutsil-wutsil a sama, amma hannunta bai saki bokitin ba. Uwar ta dube ta ta girgiza kai ta ce, "Ke dai tsayayya ce, Allah ya shirye ki." Sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji, har jikokinta ma ba su san tana da wani ba.

Kafinta ta aura, mutum mai sanyin hali wanda ko ƙusa yake bugawa kamar yana ba ta haƙuri. Suna da 'ya'ya ƙanana aka ce masaƙar da ke bayan tashar jirgin ƙasa za ta ɗauki mata aiki. Ta ce za ta je. Ya daɗe yana shafa katakon da ke gabansa kafin ya ce, "Mutane fa za su yi magana."

"Da can shiru suke yi?" in ji ta.

Washegari ta ɗaura ɗankwali ta tafi.

Ɗakin saƙa aka kai ta. Injuna ne jere daga bango zuwa bango, suna bugawa gaba ɗaya har ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ɓurɓushin auduga ya shiga hanci, ya liƙe a gashin ido. Aikinta shi ne ta sa wa zare ido, da ya tsinke ta kamo bakinsa biyu ta ƙulla kafin yadi ya ɓaci. Ta ƙware har ta kai tana ƙulli ba tare da ta duba ba. A ɗakin nan ba a jin maganar kowa, don haka matan suka koyi karanta leɓen juna. Daga wannan layi zuwa wancan sai a yi gulmar foman, mai sa ido a kan aikinsu, a gama, yana tsaye a tsakiyarsu bai sani ba.

A shekarun nan ne ta sayi rakodar. Launin azurfa ce, da lasifika biyu, ɗaya dama ɗaya hagu kamar idanun mujiya, da mariƙi a sama, da jerin madannai masu ƙara ƙas idan an taɓa. Kullum da safe takan rataye ta a hannu ta shiga ƙofar masaƙa. Idan aka busa hutun rana, matan su taru a bayan sashen rini, su hau kan dilolin yadi, Tsayayya ta saka kaset. Wata ta yi rawa da kwanon abinci a hannu, wata ta kwanta ta lumshe ido. Bayan wannan uban rugugi na injuna, jin muryar mutum tana waƙa kamar shan ruwan sanyi ne.

Foman bai so abin ba. Ya ce matan na makara wajen komawa aiki. Wata rana ya zo ya sure rakodar ana tsakiyar waƙa ya kai ofishin manaja. Tsayayya ta ƙarasa cin abincinta, ta wanke hannu, ta hau bene. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Manaja na kan waya, rakodar na ajiye a gefen teburinsa.

"Ranka ya daɗe, kayana na zo ɗauka."

Ya rufe bakin wayar da tafin hannu. "Wa ya ba ki izinin shigowa nan?"

"Wanda ya ba shi izinin taɓa abin da ba nasa ba. Lokacin aiki naku ne, ban taɓa cin minti ɗaya a ciki ba. Lokacin hutu kuwa namu ne."

Ta ɗauki abarta ta sauko. An dakatar da ita na ɗan lokaci. Ranar da ta dawo, da rakodar ta dawo, kuma ba wanda ya ƙara tanka mata.

Shekaru suka tafi. Aka wayi gari an garƙame ƙofar masaƙa da kwaɗo, ma'aikata suka watse kowa ya kama gabansa. Kafinta ya kwanta rashin lafiya, Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'ya suka girma suka bar gida. Rakodar ma wata rana ta danna ta, sai ta yi ɗan gurnani, kaset ya ƙi juyawa. Ta naɗe ta a tsohon zani ta ɗora a saman kabad da niyyar kai ta gyara, niyyar da ta yi ta ɗagawa. Kunnuwanta kuwa injuna sun riga sun ci rabonsu. Sannu a hankali duniya ta yi mata nisa, sai ta kalli bakin mutum take gane abin da yake faɗa.

Da mai gidan da take haya ya sayar da gidan, Auta ya ce ta dawo wurinsa. Shi ne ƙaramin ɗanta, yana da shagon sayar da magunguna, matarsa malamar makaranta ce. Ranar kwashe kaya Tsayayya ta fito tsakar gida ta tarar an tara tarkacen da za a ba mai sayen tsofaffin ƙarafa: fanka marar fiffike, murhun da ya huje, kujerar da ta karye. A saman tsibin ga rakodarta tsirara, an cire mata zanin.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Ni ne, Mama," in ji Auta, yana share gumi. "Ta mutu tun ina sakandare. Duk waƙar da kike so zan zuba miki a waya."

"Ban ce ka zuba min komai ba. Gyara ta zan yi."

Ya gaji, rana ta dake shi, sai bakinsa ya riga hankalinsa. "Mama, ko an gyara, da wane kunnen za ki ji?"

Bai ɗaga murya ba, amma tana kallon leɓensa. Matarsa ta sunkuyar da kai. Tsayayya ta hau tsibin da kanta ta ɗauko rakodar, ta kaɗe ta da gefen mayafi.

"Da wanda na riƙa jin kukanka da shi ina tsakiyar barci," ta ce. Ta wuce ta shiga gaban motar kaya ta zauna, rakodar a cinyarta.

A sabon gidan an ba ta ɗaki mai kyau da taga mai kallon titi. Ba ta tsaya jin daɗinsa ba. Ta ɗauki rakodar ta nufi layin masu gyaran waya, inda samari ke zaune a bayan gilasai da ƙananan fitilu. Na farko ya yi dariya ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Na biyu ya ɗauki hoton rakodar da wayarsa. Na uku ne ya ɗan ji kunya ya ce, "Iya, mu ba mu san kanta ba. Amma ki zagaya baya, akwai wani tsoho mai sayar da ƙwan lantarki, Injiniya ake ce masa. Da can aikinsa ke nan."

Shagon Injiniya ɗan ƙuƙut ne, a matse tsakanin mai walda da mai ɗinkin labule. Wayoyin wuta na rataye a ƙofa, a can ciki kuwa gawarwakin rediyo ne a jibge har rufi. Shi kansa siririn dattijo ne mai tabarau mai kauri, farar yana duk ta rufe masa idanu. Ta ajiye rakodar a gabansa. Ya kai hannu ya shafa mariƙin, ya bi madannan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi murmushi.

"Kai, na san irinta. Na buɗe cikin ire-irenta ba adadi." Ya janye hannunsa. "Amma kin makara, baiwar Allah. Yanzu ko noti ya faɗi a tafin hannuna ba na ganinsa."

"Me ka ce?"

Ya buɗe murya ya maimaita har mai walda ya leƙo.

"Daina ihu, ba a daji muke ba," ta ce. "Ka fuskance ni kawai ka yi magana. Idonka ne ya mutu ko kanka?"

"Ido ne."

"To ni idona garau yake, hannuna ma haka. Ka faɗa, in yi."

Injiniya ya jawo wata durowa ya lalubo ƙaramar sukudireba mai jan hannu, ya miƙa mata ta wajen da yake zaton tana tsaye.

Haka aikin ya fara. Kullum da hantsi ta zo, ya matsa mata a benci. Ta kwance notocin baya tana zuba su a murfin kwalba. Da marfin ya buɗe sai ga busasshen ƙwan kyankyaso da ƙura curi-curi. Ta ba shi labarin abin da take gani.

"Akwai wata baƙar roba da ta zagaye ɗan injin zuwa babbar ƙafar da ke juya kaset. Kin gan ta?"

"Ba roba a nan. Wani baƙin abu ne kamar kwalta, ya manne ko'ina."

"Ita ce. Ta narke. Shi ya sa kaset ya daina juyawa."

Ta naɗa auduga a tsinken ashana tana tsomawa a ruwan sifirit tana gogewa. Baƙin danƙon ya shiga farcenta ya ƙi fita. Gidan batir kuma ya yi tsatsa, wani farin gari da kore sun cinye ƙarafan, ta kankare su da takardar yashi har suka yi ƙyalli. Matar Auta ce ta lura da yatsunta a gida. Da safe Tsayayya ta ga ɗan hantsakin da surukar tata ke gyara gira da shi a ajiye kusa da jakarta.

Sabuwar robar ce ta gagara samuwa. Duk shagon da ta tambaya sai a ce an daina kawowa. Injiniya ya ce a haƙura. Tsayayya ta je wurin mai facin keke ta karɓo tsohuwar robar cikin taya, ta shimfiɗa ta a kan katako ta yanko siririn zobe da reza. Ta ɗaura, suka saka batir, ta zura wani kaset na gwaji da Injiniya ya tono a tarkacensa. Ta danna. Kaset ya juya!

Ta ɗago tana murna sai ta ga Injiniya ya riƙe ciki yana dariya har tabaransa ya zame.

"Mene ne?"

"Mace ce fa ke waƙar, amma kamar wani ƙato ne ya faɗa rijiya yana neman taimako. Robar ta yi kauri."

Ta cire ta yanko wata. Wannan karon ya ce kamar ɓeraye sun haɗu suna faɗa. Ta sake yanka. Ita ba ta jin bambancin, fuskarsa take kallo: in ya yamutsa ta cire, in ya karkata kai ta jira. Da ta samu wadda ya ce da dama-dama, sai ta fito da nata kaset ɗin, wanda matan masaƙa suka fi so, ta saka. Bai yi nisa ba Injiniya ya daka tsalle ya ce, "Kashe! Kashe!" Kafin ta gane me yake faɗa rakodar ta haɗiye zaren kaset ɗin, ta cukuikuye shi, ta tsinka.

Ta zaro shi a hankali da hantsaki. Ya fito a murɗe kamar hanjin kaza.

"Wannan kam ya tafi," in ji Injiniya. "Ɗan tayar da ke danne zaren ne ya bushe ya ƙage. Sai dai a jefar da kaset ɗin."

"A jefar da wa? Zaren da ya fi wannan siranta na ƙulla, injin na gudu."

Ta shimfiɗa zaren a cinyarta tana lallaɓa shi da bayan farce har ya miƙe. Ta datse wurin da ya lalace, ta haɗa bakin biyu, ta liƙe da ɗigon jan farce. Sannan ta zura biro a ramin kaset ɗin ta naɗe shi tsaf.

Tana cikin wannan ne Auta ya tsaya a ƙofar shagon. Ya gaida Injiniya a gajarce, sannan ya durƙusa daidai fuskarta.

"Mama, don Allah ki tashi mu je gida. Abokaina sun gan ki a nan. Ana cewa na bar uwata tana zaman kasuwa kamar wadda ba ta da kowa."

"Ka ce musu uwarka aiki take yi."

"Wane irin aiki ne wannan? Dubi hannunki. Na kawo ki gidana ne don ki huta."

"Ka kawo ni ka ajiye a bakin taga, in riƙa ƙirga motoci har Allah ya ɗauki raina. Na gode da ɗakin, yana da kyau. Amma ni ba tukunyar fure ba ce." Ta mayar da idonta kan kaset ɗin. "Matsa, ka tare min haske."

Ya tashi ya tafi. A gida suka yi kwanaki daga gaisuwa sai gaisuwa. Sai wata safiya ta buɗe ƙofar ɗakinta ta yi tuntuɓe da wani abu a cikin buhu. Rakoda ce irin tata sak, fuskarta a fashe, mariƙin babu. Matar Auta na share falo, ta matso ta ce, "Filin masu tsofaffin ƙarafa ya je jiya, Mama. Ya dawo rigarsa duk baƙin mai. Ya ce kada in gaya miki."

"To ba ki gaya min ba," in ji Tsayayya. Ta saɓi buhun.

A cikin gawar nan suka samu ɗan tayar da ke da sauran laushi, da robar da ba ta narke ba. Ta sauya su. Aka kunna, Injiniya ya kara kunnensa dama, ya kara hagu, ya ce lasifikar hagu ba ta magana, amma ai ɗaya ma ta isa.

"Biyu na saya," ta ce. "Biyu za su yi magana."

Wata 'yar jar waya ce ta saki. Ya koya mata riƙe ƙarfen dalma, ta ƙone babban yatsanta, ta tsotse shi ta ci gaba. Da ɗigon dalmar ya kama ta mayar da marfi, ta ɗaure notocin, ta saka kaset ɗinta, ta danna.

Mai walda ne ya fara kashe injinsa. Mai labule ya fito da almakashi a hannu. Wata mata mai wucewa ta tsaya cak, ta dafa ƙirji, bakinta na bin waƙar. Injiniya ya cire tabarau yana kaɗa kai, hawaye na bin kumatunsa. Tsayayya ta ƙure ƙarar har ƙarshe. Abin da ya iso kunnenta bugun ganga ne kawai, dum, dum, can nesa kamar daga wata unguwa. Muryar mawaƙiyar babu ita. Ta kalli bakin matar nan mai wucewa, ta gane baitin da ake.

Ba ta yi kuka ba. Haushi ne ya kama ta. Ta kashe rakodar, ta ɗauka ta nufi shagon Auta kai tsaye, ta ajiye ta a kan kantar magani a gaban masu saye.

"Rufe shagon nan ka kai ni wurin likitan kunne."

A asibitin wata ma'aikaciya ta ce ba a shiga da irin wannan kaya. Tsayayya ta yi kamar ba ta ga bakinta ba, ta wuce. Likitar mace ce matashiya. Ta duba kunnuwan, ta yi gwaje-gwajenta, ta ce ji ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba. Da aka koma karɓar 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne, da rakodar aka koma. Likita na son ta gwada ta da magana, Tsayayya ta ce a'a, da wannan za a gwada. Ta danna madannin.

Muryar ta shigo mata kamar an buɗe ƙofa. Ta runtse ido. Ta ga dilolin yadi, ta ji warin rini, ta ga ƙawayenta da yawancinsu ƙasa ta rufe, kowace da farar auduga a gira. Auta na tsaye a jikin bango yana kallon silin. Ta saurara har tsakiyar waƙar, sai ta buɗe ido, ta haɗe rai.

"Ya yi sauri."

Daga asibitin shagon Injiniya ta sa aka kai ta. Ya saurara da kyau ya rantse daidai take tafiya, ko a kamfanin da aka ƙera ta iyakarta ke nan.

"Ba haka muke jin ta ba. Ta fi haka nutsuwa."

Ya yi tunani, sai ya bushe da dariya. "A wancan lokacin sau nawa kike sauya batir?"

"Sai sun mutu murus. Wani lokaci ma in shanya su a rana in mayar."

"To shi ke nan! Duk shekarun nan da gajiyayyun batir kuke ji, shi ya sa take jan ƙafa. Yanzu ne kike jin ta yadda mai waƙar ta rera."

"Ina ruwana da yadda ta rera? Ni yadda muka ji nake so. Akwai wurin rage gudun ko babu?"

Ya so ya ce babu. Amma ya san wadda yake magana da ita. Ya yi ajiyar zuciya ya ce akwai wani ɗan rami a bayan injin, da ɗan noti a cikinsa.

Ta buɗe marfin, ta bar kaset na juyawa, ta zura bakin sukudireba ta murɗa kaɗan. Injiniya ya yamutsa fuska. Ta ƙara murɗawa. Ya kama kai ya ce wallahi ta ɓata aikin, ba da yawunsa ba. A karon farko tun da suka haɗu ba ta kalli fuskarsa ba. Ta karkata kanta, tana saurare, tana murɗawa a hankali, har muryar ta sauko ta zauna inda ta san ta.

"Yauwa," ta ce. "Auta, miƙo min murfin notocin nan."